Baƙar Motar da Ƙasimu Ya Goge

Wata bakwai Ƙasimu ya yi yana wankin mota a ƙofar wani otal a Sabon Garin Kano. Da aka ƙaddamar da shari'a, masu zuwa otal ɗin suka ragu, shi ma ya tattara bokitinsa ya dawo Rano. Amma idan ka zauna da shi a teburin mai shayi, watannin nan bakwai sun zama shekara bakwai, otal ɗin ya zama gidan manya, bokiti kuwa ba a maganarsa. A cewarsa babu fentin da bai san halinsa ba, kuma baƙin fenti shi ne ya fi ƙwarewa a kai.

Saboda haka ranar da yayan matarsa, Alhaji Ishiyaku mai fataucin hatsi, ya sayo baƙar marsandi 'yar Kwatano, Ƙasimu ya riga kowa zuwa ƙofar gidan. Alhaji ɗan Fammar ne da kasuwanci ya zaunar da shi a Rano. Yana neman takarar kansila, kuma ya haƙa wa mutanen garinsu rijiyar burtsatse da za a buɗe nan da kwana biyu. Motar lafiyarta ƙalau, sai dai fentin ya dusashe, kuma idan rana ta haska sai ka ga ƙananan ƙarce-ƙarce sun fito a jikinta.

Direba Alhaji yake nema, mutum biyu kuma suke son aikin. Ɗaya Ƙasimu ne, wanda ya shekara biyu ba shi da tsayayyen aiki. Ɗayan shi ne Lukman, wani direban tasi a hanyar Kibiya zuwa Kano, mutum mai ƙarancin magana. Lukman ya zo da gwangwani biyu a leda.

"Alhaji, wannan folish ne, shi yake cinye ƙarcen," in ji Lukman. "Na biyun kaki ne, shi ake shafawa daga baya ya riƙe ƙyallin. Kaɗan-kaɗan ake sawa, a inuwa, a goge da tsumma mai laushi."

Ƙasimu ya karɓi gwangwanin, ya juya shi, ya shinshina, ya mayar kamar an ba shi ruɓaɓɓen tumatir.

"Wannan ai na farar mota ne. Baƙin fenti fata ne irin ta mutum, ci yake yi. Ka taɓa ganin an lakata wa ƙato mai kaɗan-kaɗan ya yi sheƙi? Me ka ce sunan na biyun?"

"Kaki."

"Kaki! Alhaji, ka ji ko? Kakin da ƙudan zumanmu suke yi a kan ɗorawa, shi Bature ya kwashe, ya tsarma da ruwa, ya ɗura a gwangwani ya dawo mana da shi. Mai neman ƙuri'ar manoma zai shiga Fammar da kakin gwangwani? Ni da kayan gida zan haɗa maka. Rannan sai mutane sun gyara hularsu a jikin ƙofar motar nan."

Maganar kayan gida ta shiga kunnen Alhaji, domin yana ta neman abin da zai faɗa a jawabinsa. Ya ciro makulli ya miƙa wa Ƙasimu.

"Ka riƙe zuwa ranar taro. In motar nan ta isa Fammar tana ƙyalli, makullin ya zama naka. In ba ta yi ba, na Lukman ne."

Lukman ya ɗaure ledarsa, ya ce, "Allah ya ba da sa'a."

Washegari kasuwar Kibiya take ci. Ƙasimu ya je wurin Bappa, wani dattijon Bafulatani da ya daɗe da zama a gefen Fammar, yana noma, yana kiwo, yana kuma ɗaura amya a bishiyoyi. Bappa ya ɗauko masa curin kaki tacacce, irin wanda dukawa suke saye su murza a zare.

"Wannan ai mushe ne, Bappa, an tatse masa ƙarfi. Saƙar nake so, da zumarta a ciki."

"Kaɗo, sha za ka yi ko magani?"

"Mota zan shafa wa."

Bappa ya kalle shi sama da ƙasa. "Motar tari take yi?"

"Kai dai ba ni. Ilimin ya fi ƙarfin ruga."

"Aradu ya fi," in ji Bappa, ya cika masa ƙwarya.

Ƙasimu ya sayi man shanu curi uku a wurin matar da ke zaune kusa da Bappa, ya biya ta wurin mai tireda ya ƙara da baƙin man takalmi gwangwani huɗu. Da ya iso gida ya sauke babban kaskon da matarsa Bara'atu take suyar ƙosai a ciki, ya ɗora a murhu.

"Baban Salma, me za ka yi mini da kasko?"

"Sana'a. Kankaro mini baƙin gindin tukunya, cikin ludayi biyu."

"Motar Yaya ce fa. In ka ɓata ta, da wane ido zan shiga gidansa?"

"Da idon matar direban kansila. Ki fara tunanin zanen da za ki ɗaura."

Haɗin ya tafasa, ya yi kauri, ya yi baƙi ƙirin. Ƙamshinsa ya tsallaka katanga ya sauka gidan maƙwabciyarsu Jumai, wadda ba a yin abu a layin ba ta sa baki ba. Sai ga kanta a bisa katanga.

"Bara'atu, alewa kike dafawa ba ki gaya mini ba?"

"Ba tawa ba ce, ta mota ce."

"Ikon Allah! Mu muna shan koko babu sukari, mota tana shan zuma. Malam Ƙasimu, in ta rage a sammana."

Da azahar, rana tana tsakiyar ka, Ƙasimu ya fito da kasko ƙofar gida inda ya ajiye motar. Wani daga cikin masu zaman dakali ya tuna masa cewa Lukman ya ce a inuwa ake yi. Ƙasimu ya ce shi ya sa har yanzu Lukman yake tasi. Ya naɗe hannun riga, ya tsoma soso, ya fara lafta wa motar tun daga kan inji har zuwa but.

Abin mamaki, motar ta yi ƙyalli. Ta yi wani irin sheƙi kamar an tsamo ta daga kogi. Mutanen dakali suka miƙe tsaye. Liman da zai wuce masallaci ya tsaya ya ce masha Allah. Har Jumai ta leƙo ta zaure ta rasa abin faɗa, wanda rabon da a ga haka an daɗe. Ƙasimu ya riƙa zagaya motar yana goye da hannu a baya.

"Ku kalla da ido, kar wanda ya taɓa. Fentin yana cin abincinsa."

Awakin unguwa ba su ji wannan gargaɗi ba. Kafin ya idar da sallar la'asar, akuyar Jumai da 'ya'yanta biyu sun lashe ƙofar baya tas, wani bunsuru kuma ya haye kan but yana aiki da harshe. Ƙasimu ya fito da gudu da buta a hannu.

"Jumai, ki ɗaure akuyarki ko in yanka ta!"

"Ka yanka mana, ai ta riga ta sha zuma da man shanu, naman zai yi daɗi. Kai ka kai mata liyafa har ƙofar gida."

Ya kori awakin, ya ɗumama sauran haɗin, ya cike wuraren da aka lashe. Sannan ya sa kujera ya zauna gadi da sanda har magariba.

Da safe ranar taro ya fito ya tarar kiyashi sun yi layi huɗu, kowace taya da nata, suna hawa suna sauka kamar an buɗe musu kasuwa. Ya ruga ya kwaso toka a murhu ya zagaye tayoyin da ita. Wata 'yar iska ta taso ta ɗebi tokar ta watsa a gefen motar, ta manne. Ya sa hannu zai kakkaɓe, hannun ma ya manne. Yana cikin haka sai ga Lukman a kan acaɓa, zai wuce Fammar kallon taro.

Lukman ya sauka, ya dangwala yatsa a jikin motar, ya ɗaga. Wani baƙin zare ya biyo yatsan.

"Malam Ƙasimu, da sauran lokaci. A dafa ruwan zafi, a kawo omo, in taya ka mu wanke kafin Alhaji ya fito."

"Ka ji mugunta. Ka ga makulli zai wuce ka, shi ne kake so in wanke aikina? Wannan danƙon shi ne alamar ya kama."

"To, Allah ya sa."

Lukman ya hau acaɓa ya tafi. Ƙasimu ya kankare ƙasan kaskon, ya shafe tokar da kiyashin gaba ɗaya da sabon shafi mai kauri. Daga nesa motar ta fi jiya ƙyalli.

Daga nesan kuwa Alhaji ya fara ganinta, bayan Ƙasimu ya kai ta ƙofar gidansa, yana fitowa daga gida cikin farar shadda, babbar riga da 'yar ciki, an buge ta tana ɗaukar ido. Ya yi murmushi har kunne. Ya miƙa hannu zai shafa rufin, Ƙasimu ya yi wuf ya tare.

"Alhaji, manya ba sa taɓa mota. Aikin direba ne."

Ya buɗe masa ƙofa da tsumma, ya tattare masa bakin riga, ya rufe. Alhaji ya zauna a baya ya ɗan shinshina.

"Ƙamshin me nake ji kamar na nakiya?"

"Ƙamshin kayan gida ne, ranka ya daɗe."

Alhaji ya gyaɗa kai, ya sa tabarau, ya buɗe takardar jawabinsa ya duƙufa. Wannan takarda ita ta yi wa Ƙasimu rana, domin tun daga Rano har Kibiya Alhaji bai ɗaga kai ba. Bai ga yadda zafin inji ya narkar da haɗin yana gangarowa ba. Bai ga ƙudajen da suka raka su daga bakin mahauta ba.

Bayan sun wuce Kibiya, Ƙasimu ya hango ayarin 'yan acaɓan Alhaji a gaba sun cika hanya. Ya ga in ya bi bayansu zai isa a cikin hayaƙi, don haka ya karya ta wata 'yar hanya ta cikin gonaki da ya ce ya sani. Lokacin kaka ne. Hanyar ta bi ta tsakiyar masussuka, inda mata sun fi ashirin suna sheƙar gero, kowace ta ɗaga ƙwarya sama, iska tana kwasar ƙaiƙayi tana kaiwa daidai inda motar za ta wuce.

Ƙasimu ya danna oda. Matan suka ɗaga masa hannu, suka ci gaba da aikinsu. Motar ta shiga ƙaiƙayin ta fito ta ɗaya gefen. Da ya dubi kan injin sai ya ga ya tsiro gashi.

Ya ƙara wuta don iska ta kakkaɓe. Iska ta ƙara liƙawa. Ya kunna abin share gilashi, sai ya jawo haɗin da ya zubo daga rufi ya shimfiɗa shi a gilashin daga wannan gefe zuwa wancan. Dole ya sauke gilashin ƙofa ya leƙo da kai yana tuƙi.

"Lafiya, Ƙasimu?" in ji Alhaji, idonsa a kan takarda.

"Lafiya lau. Jama'a nake gaisarwa."

A Fammar an kafa rumfa a gindin wata ƙatuwar ɗorawa, kusa da sabon famfo da aka ɗaure wa ƙyalle. Dagaci da dattawa suna kan kujerun gaba, mata sun yi layi da bokitai a gefe, sanƙira yana riƙe da lasifika. Da ya ji ƙarar mota sai ya fara tun bai gan ta ba.

"Ga Alhaji Ishiyaku mai baƙar marsandi! Baƙa wuluk, mai ɗaukar ido, madubin..."

Motar ta ɓullo daga bayan rumbuna. Sanƙira ya sauke lasifikar daga bakinsa, ya sake kallo. Abin da ya tsaya a gaban rumfa ba baƙi ba ne. Ruwan ƙasa ne, mai gashi buzu-buzu, yana tururi, ga ƙudaje suna kewaya shi.

"Wannan mota ce ko bushiya?" in ji wata tsohuwa daga layin mata. Ba ta rage murya ba.

Ƙasimu ya fito da sauri zai buɗe ƙofa, amma Alhaji ya riga shi. Ya dafa rufin motar ya miƙe, yana ɗaga wa jama'a ɗaya hannun. Da ya zo sauke na kan rufin sai ya ji ya ƙi tahowa. Ya fizge shi, ya duba tafinsa, ya goge a gaban rigarsa tun kafin ya yi tunani. Sannan ya juya ya ga motarsa. Wajen juyawar, bayan babbar rigar ya share ƙofar daga sama har ƙasa.

"Ƙasimu," in ji shi a hankali, "mene ne wannan?"

"Rigar kariya ce, Alhaji. Haka ake yi a Kano. Ana rufe ƙyallin a hanya, in an iso a yaye. Kalli nan."

Ya sa tsumma ya murza kan injin da ƙarfi. Ƙaiƙayi da toka da kiyashi suka dunƙule suka zama wani abu kamar tuwon da ya ƙone. Tsumman ya manne a wurin, ya bar shi.

"Yana buƙatar ɗan lokaci."

Lokacin bai samu ba. A rassan ɗorawar nan akwai amya shida na Bappa, kuma tun tsayuwar motar zafin inji yake tura ƙamshin zuma sama. Da farko ƙudan zuma guda uku suka sauko suka duba. Sai aka ji wani gunji kamar injin niƙa daga nesa. Dagaci ya ɗaga kai, ya ce innalillahi, ya tattare rigarsa. Shekarunsa sun haura saba'in, amma shi ya fara isa bayan masallaci.

Kujeru suka kife. Mata suka kifa bokitai a ka suna gudu suna karo da juna. Sanƙira ya manta lasifika a kunne take, duk garin ya ji shi yana kiran sunan mahaifiyarsa. Alhaji, wanda rigarsa ta sha zuma gaba da baya, ya fi kowa samun masu rakiya. Ya tuɓe babbar rigar ya yar, ya bi sahun dagaci da 'yar ciki.

Ƙasimu kuwa ya ga dama ta samu da zai nuna gwaninta. Ya faɗa mota yana ihu, "Kar ku damu, zan janye su!" Ya tayar, ya ɗaga gilashi, ya rufe kansa da ƙudan zuma sun fi talatin a ciki. Gaba ba ya gani, ga harbi ta ko'ina. Motar ta zagaya rumfa sau ɗaya, ta tsinke igiyar da ta riƙe ta, ta gangara ta zauna a cikin taɓon da masu haƙa rijiya suka bari. Can ta mutu.

Bappa ne ya kawo ƙarshen abin. Ya zo da busasshen kashin shanu yana hayaƙi a kan marfin kwano, ya zagaya motar a nitse yana magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa, har gunjin ya lafa. Ya ƙwanƙwasa gilashi. Ƙasimu ya buɗe ƙofa ya fito, leɓensa na sama ya kai girman ƙosai, ido ɗaya ya rufe.

"Kaɗo," in ji Bappa, "tarin ya warke?"

Jama'a suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, ana tayar da kujeru, ana shafa wa juna albasa a wurin harbi. Da aka ga babu wanda ya ji mummunan ciwo, sai wani ya fara dariya, ta bi layi har ta kai ga dagaci. Alhaji ne kaɗai bai yi ba. Ya zo da aron riga da ta tsaya masa a gwiwa, kunnensa na hagu ya kumbura, ya miƙa hannu.

"Makulli."

"Alhaji, laifin hanyar ne. Da mun bi titi..."

"Makulli, Ƙasimu."

Ya ciro shi daga aljihu, yana danƙo. Alhaji ya karɓa da yatsa biyu, ya waiga ya ga Lukman a tsaye yana riƙe da ledarsa.

"Za ta gyaru?"

"Za ta gyaru, Alhaji. Amma za ta sha ruwa. A ƙalla bokiti arba'in, rabi a dafa shi."

Alhaji ya ba shi makullin. Ya ce jawabi ya fasa, dagaci ya kwance ƙyalle kawai a sa albarka. Aka kwance, aka yi addu'a. Sannan Alhaji ya kama Ƙasimu a kafaɗa, ya kai shi gaban famfon, ya ɗora hannunsa a kan mariƙin.

"Arba'in na mota. In ka gama, matan nan da ka sa suka zubar da bokitansu, kowace ka cika mata nata."

Ƙasimu ya dubi layin. Ya wuce rumbuna ya karya kwana. Ya fara bugawa, ruwa ya zubo fari tas, mata suka rangaɗa guɗa. Jin guɗar sai ya ɗan miƙe ƙirji, ya juya wurin tsohuwar da ke gaban layi, yana magana da ƙyar ta gefen baki.

"Kin gani ko, Iya? Duk taron nan, ni kaɗai Alhaji ya yarda in fara taɓa famfon. Irin wannan famfon sai wanda ya san shi. A Kano na..."

"Buga, ɗan nan," in ji tsohuwar, ta tura bokitinta da ƙafa. "Kuma kar ka shafa masa komai."